Yadda ake zaɓar tef ɗin rim na keke da yadda ake ɗaura shi

Akwai wani irin faci da ke sa mai keke ya fara zargin kowa. Ya ce mai faci bai iya aiki ba, ya ce mai shago jabun tub ya sayar masa, ya ce hanyar unguwa ce ta lalace. A liƙe maka yau, jibi da safe ka tarar da taya a kwance, alhali keken a soro ya kwana, bai taka tsidau ba, bai taka ƙusa ba. Na sha wannan wahala da wani keken gwanjo da na saya. Tub uku na canza cikin wata guda kafin wani dattijo mai gyaran keke ya juya tub ɗin a hannunsa ya ce, "Ɗana, duba nan. Duk hujin ta ciki suke, ba ta wajen ƙasa ba. Rim ɗinka ne ke cin tub." Da ya zare tayar gaba ɗaya sai ga wata tsohuwar roba ta zame gefe, ramukan rim a buɗe, bakinsu kamar reza.

Abin da ke tsakanin ƙarfen rim da tub shi ake kira tef ɗin rim. Siririn ɗauri ne da ke zagaye cikin rim, yana rufe kawunan sifok, wato wayoyin wili, da ramukansu. Kuɗinsa bai kai na tub ɗaya ba, amma idan bai dace ba, ko tub goma ka saya haka za su riƙa tafiya.

Da farko ka tabbatar shi ne mai laifin

Kada ka sayi komai tukuna. Ciro tub ɗin, wanda a Nijar ake kira shambur, ka buga masa iska kaɗan, ka nutsa shi a ruwa ka ga inda yake kumfa. Wurin hujin shi zai gaya maka labari. In ta bayan tub ne, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, to ƙaya ce ko ƙusa ko kwalba, sai ka shafa cikin tayar da yatsa ka nemo ta. In ka ga tsaga biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi ƙaranci ka faɗa rami, rim ya datse tub ɗin. Amma in huji ɗaya ne ta cikin tub, wajen da ke kwanciya a kan rim, ko ka ga ƙananan ƙuraje a jere a wannan layin, tazararsu daidai da tazarar sifok, to ka kama ɓarawonka.

Ka ɗora tub ɗin a kan rim, bawul a saitin ramin bawul, ka ga ramin da hujin ya faɗa. Ka duba dama da hagu, don wataƙila ka juya tub ɗin lokacin cirewa. Sa alama da alli a wurin.

Sai ka duba irin rim ɗinka

Nan ne duk maganar take, kuma nan ne yawancin mutane ke kuskure. Rim iri biyu ne.

Akwai mai bango ɗaya. In ka cire tsohon ɗaurin za ka ga kawunan ƙananan notunan da ke riƙe sifok a fili, sun ɗan taso a cikin kwarin rim. Irin wannan ne a baƙaƙen kekunan nan masu birkin sanda, su Raleigh da Phoenix da Hero, da kekunan yara, da yawancin kekunan Japan masu kwando. A nan aikin ɗaurin shi ne kawai ya zama matashi tsakanin tub da kan noti. Ƙarfe na bayansa yana tallafe shi, don haka roba ta wadatar.

Akwai kuma mai bango biyu, wanda galibi na alminiyom ne, irin na kekunan tsere da kekunan hawan dutse masu giya da ake shigowa da su gwanjo daga Turai da Amurka. In ka leƙa ba za ka ga noti a sama ba, sai ramuka zagayayyu masu faɗin milimita 8 zuwa 9, notin yana can ƙasa a bango na biyu. A nan ɗaurin gada ce a kan rami, babu abin da ke tallafe shi ta baya. Tayar keken tsere da aka buga wa iska har ma'aunin iska ya nuna PSI 90 tana danna nauyin da ya kai kilo 3 a kan kowane rami, dare da rana, a ramuka 32 ko 36. Roba ba ta iya wannan. Za ta miƙe ta nutsa cikin ramin, tub ya bi ta, bakin ramin ya yanke su duka biyun.

To ka ga, mai gyaran da ya yanko tsohon tub ya ɗaura maka ba mugunta ya yi ba. Abin da ya saba yi wa baƙin keke ne shekara da shekaru, kuma yana aiki. Rim ɗin ne ya canza. Kai ne za ka duba ka ce masa wannan mai bango biyu ne, roba ba za ta yi ba.

Wane iri za ka saya

Na roba, zobe ne baƙi mai ramin bawul. Na rim mai bango ɗaya ne kaɗai. Zafinmu na watan Afrilu da Mayu yana busar da shi ya tsattsage, don haka a riƙa duba shi.

Na ƙyalle, wanda auduga ce mai kauri da danƙo a baya. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Velox na Faransa, yana zuwa a naɗe, tsawon mita 2, da faɗin milimita 10, 13, 16, 19 ko 22. Ni shi na fi so a rim mai bango biyu da ake sa wa tub. Ba ya miƙewa, zafin birki ba ya narkar da shi, yana shekaru, kuma ana iya ɓare shi a canza sifok a mayar. Aibinsa biyu ne: yana da kauri, don haka tayar da dama can take da tsauri za ta ƙara wuyar shiga, sannan yana riƙe ruwa, wanda ke jawo tsatsa a rim na ƙarfe da damina.

Na leda mai tauri, shi ma zobe ne, mai launi, irin wanda kamfanin Schwalbe na Jamus ke yi. A jikinsa za ka ga lamba kamar 18-622 ko 22-559. Ta farko faɗinsa ce, ta biyu girman rim. Siriri ne, taya na shiga da sauƙi. Mai kyau yana ɗaukar iska mai yawa, amma mai arha yakan bushe ya tsage a saitin ramuka, wani lokaci ma gefensa ya yi kaifi ya yanki tub. In ka lanƙwasa shi a shago ka ga ya yi fari a wurin lanƙwasar, bar musu kayansu.

Sai na tayar da ba ta da tub, wanda zan taɓo a gaba.

Baƙin tef ɗin masu gyaran wuta fa? Kada ka sa shi a rim mai bango biyu. An yi shi ne don ya miƙe, kuma da rana ta buga shi danƙonsa sai ya narke, ya zame, ya bar maka ƙazanta a rim da tub. In kana garin da ba a samun na gaskiya, je kyamis ka sayi filastar ƙyalle ta ɗaure ciwo, fara mai kauri wadda ba ta miƙewa, ka zagaya sau biyu. Ko tef ɗin ɗaure kwali mai zare a ciki, shi ma sau biyu. Za su riƙe ka har ka samu na ainihi.

Awo: girma da faɗi

Kada ka dogara da inci, domin yana ruɗarwa. A jikin kowace taya akwai wata lamba kamar 40-635 ko 50-559, kuma lambar ƙarshe ita ce ainihin girman rim a milimita. Baƙin keke mai 28 x 1 1/2 shi ne 635. Keken tsere mai 700C, da wanda ake kira 29, duk 622 ne. Keken hawan dutse mai inci 26 shi ne 559, amma keken Japan mai 26 x 1 3/8 shi ne 590, duk da cewa su biyun 26 ake ce musu. Mai 27.5 shi ne 584, tsohon inci 27 shi ne 630, yawancin kekunan yara masu inci 20 kuwa 406. In zobe za ka saya, na roba ko na leda, dole wannan lamba ta dace. Na roba yana da ɗan haƙuri saboda yana miƙewa, na leda ba shi da shi. In na naɗi ne babu ruwanka da wannan, mita 2 ta ishi wili ɗaya, don zagayen rim 622 bai cika mita 2 ba.

Faɗi shi ya fi buƙatar ido. Ɗauki ruwla ka auna cikin rim daga bango zuwa bango. Wasu rim ɗin ma an rubuta a jiki, misali 622x19, wato faɗin ciki milimita 19. Ƙa'idar ita ce ɗaurin ya rufe kowane rami har ya wuce bakinsa da akalla milimita 2 ta kowane gefe. Ka lura da kyau, a rim da yawa ramukan ba a layi ɗaya suke ba, wannan ya karkata dama, na gaba ya karkata hagu. Tef ɗin da ya rufe ɗaya yana iya barin gefen ɗaya a buɗe, kuma ɗan wannan gefen kamar farce ya isa ya huda tub.

Na leda siriri ya fi kyau ya cika ƙasan rim daga bango zuwa bango, don ba shi da danƙo, bangon ne ke hana shi zamewa. Saboda yana bin lanƙwasar kwarin, a ƙara milimita 2 zuwa 3 a kan faɗin da ka auna. Na ƙyalle kuwa, tunda yana da kauri, ya zauna a kwarin, kada ya hau kafaɗar da bakin taya ke zama. In ya hau, taya ba za ta zauna daidai ba, za ka ji tana tsalle a tafiya. A siririn rim na tsere mai milimita 13 zuwa 15 na ciki, mai 16 ne ake sawa. A mai 17 zuwa 19, sai 19. In ya fi haka, 22.

Gyara rim ɗin kafin ɗauri

Cire wili, sace iska, zare taya da tub. Ɓare tsohon ɗaurin gaba ɗaya. Kada ka ɗora sabo a kan tsoho.

Goge cikin rim da tsumma. In tsohon danƙo ya maƙale, ɗan kananzir zai narkar da shi, amma bayan nan sai ka wanke da sabulu ko ka goge da sifirit ka bar shi ya bushe ƙarau, don danƙo ba ya kama wuri mai maiƙo. In rim na ƙarfe ne ya yi tsatsa, kankare da sanfefa ko burushin waya har ya yi sumul. In kana da ɗan fenti ka shafa, ka bar shi ya kwana.

Yanzu bi da yatsa a hankali, rami bayan rami. A rim mai bango ɗaya abin nema shi ne sifok ɗin da ya zarce kan notinsa ya fito kamar allura. Wannan yakan faru bayan an ɗaure wili ko an canza sifok da wanda ya fi tsawo. Goge shi da magagari har ya yi daidai da kan notin. Babu ɗaurin da zai jure tsinin sifok, ko na wane kamfani ne. A rim mai bango biyu kuwa kaifin bakin rami za ka nema, musamman ramin bawul da wurin da aka haɗa bakin rim biyu. Ɗan sanfefa ya isa. Bayan nan ka girgiza wilin, ramin bawul yana ƙasa, don garin ƙarfen ya zube.

Ɗaurin kansa

In zobe ne, na roba ko na leda, daidaita raminsa da ramin bawul, ka zura sukundireba ko tsohon bawul don ya riƙe shi. Na leda in ya yi tauri, shanya shi a rana na minti biyar ya yi laushi. Kama shi da hannu biyu, ka bi dama da hagu a lokaci guda kana saukowa, har ya faɗa kwarin a ɗaya ɓangaren. Kada ka ja ta gefe guda, ramin bawul zai goce. Sannan ka zura siririn sukundireba a ƙarƙashinsa ka zagaya rim sau ɗaya ko biyu, wannan yana raba jan daidai ko'ina, yana kuma warware inda ya murɗe. Ka bi da ido ka tura shi tsakiya.

In daga tsohon tub za ka yanka wa baƙin keke, ga yadda ya fi kyau. Samo tub wanda ya ɗan fi rim ɗin ƙanƙanta, misali na 26 a kan rim na 28, don ya kama gam. Da almakashi ka yanko layin ciki, inda bawul yake, faɗin milimita 15 zuwa 18, ka bi zagayen ba tare da ka tsinke shi ba, ya fito zobe guda. Yanke bawul ɗin ka bar rami zagayayye. Wanke farar hodar da ke ciki. In tilas sai ka haɗa baki biyu, kankare su ka shafa sholisho, ka bari ya sha iska kafin ka manna, kuma kada mahaɗar ta faɗo a kan noti.

In na ƙyalle ne, raminsa na bawul yana kusa da farkon naɗin. Saita shi, ka riƙe da sukundireba. Sa wilin tsakanin gwiwoyinka, hannu ɗaya yana ja da ɗan ƙarfi, babban yatsan ɗaya hannun yana danna shi cikin kwarin. Tafi kaɗan-kaɗan, kamar taƙi guda, ka duba tsakiya, ka ci gaba. In ya karkace, ɓare ka gyara nan take. Da ka zagayo, ka bar shi ya hau kan farkonsa da santimita 2 zuwa 3, ka yanke kafin ya toshe ramin bawul. In filasta ce ko wani tef marar rami, fara nesa kaɗan da bawul, ka gama zagayen, sannan ka huda da ƙusa mai zafi ko tsinin almakashi. Ramin ya zama zagayayye daidai kaurin bawul, kada ka tsaga shi da reza, don tsaga tana ci gaba da tafiya. Bawul irin na mota da irin na baƙin keke raminsu milimita 8.5 ne, siririn na keken tsere kuwa 6.5.

Ga masu tayar da ba ta da tub

Wannan sai rim da taya da aka ƙera don haka. Tef ɗinsu siriri ne mai santsi, kamar rawayan nan na Stan's NoTubes, kuma aikinsa har da riƙe iska. Faɗinsa ya fi na cikin rim da milimita 2 zuwa 5, ya kai bango da bango. A goge rim da sifirit, a fara kamar santimita 10 kafin ramin bawul, a ja da ƙarfi sosai, a zagayo a wuce ramin da wani santimita 10, a murje duk kumfar iska. Keken tsere zagaye biyu yake so. Dabarar da ke taimakawa ita ce a sa tub a buga iska a bar shi ya kwana, ya danne tef ɗin, kashegari a cire a sa bawul da ruwan toshe huji. Ruwan nan yana saurin bushewa a ƙasa mai zafi, sai an riƙa ƙarawa bayan 'yan watanni.

Mayar da taya

Mutane da yawa a nan suke ɓata aikin da suka gama. Sa gefe ɗaya na taya da hannu, sannan ka leƙa ka tabbatar bakin tayar bai ture ɗaurin ba. Buga wa tub iska kaɗan ya yi siffa, zura bawul a miƙe, ka cusa sauran. Gefe na biyu ka fara daga ɓangaren da ya fi nisa da bawul ka ƙare a wajen bawul, kana matse bakin tayar cikin kwarin rim don ya ba ka sarari. In za ka iya gamawa da hannu ya fi. In sai da ƙarfen cire taya, kada ka zura shi har ƙasa, don yana kama gefen tef ya naɗe shi. Sukundireba kuwa ba abin sa taya ba ne.

Kafin ka cika iska, matsa tayar gefe ka zagaya kana leƙawa. Abin da ya kamata ka gani shi ne ɗaurin kaɗai, ba rami, ba tub a ƙarƙashin bakin taya. Buga rabin iska, juya wilin ka duba siririn layin da ke jikin taya kusa da rim, ya fito daidai ko'ina. Sannan ka cika gwargwadon abin da aka rubuta a jikin tayar.

Masu ɗaukar kaya su kula da wannan musamman. Jarka huɗu ta lita 25 kilo 100 ke nan a kan wilin baya, ban da mai tuƙi. In iska ta yi ƙaranci a irin wannan nauyi, taya tana zamewa a kan rim kaɗan-kaɗan, ta ja tub, tub ya ja ɗaurin, har bawul ya karkace ya tsage daga gindi. Da ka ga bawul ya kwanta gefe, sace iska ka miƙar da shi, ka duba ko ɗaurin ya goce.

Bayan mako guda ka sake buɗe gefe ɗaya ka duba. A rim mai bango biyu za ka ga ɗan lotsawa a kan kowane rami, wannan ba komai ba ne. Amma in lotsawar ta yi zurfi har ƙwayar gero biyu ko uku za su zauna a ciki su ɓace, ko launin ledar ya yi fari a wurin, ko ka hango bakin ƙarfe ko da kaɗan ne, cire shi ka sa wanda ya fi ƙarfi ko ya fi faɗi. Daga nan kuma duk lokacin da aka buɗe tayar don faci, ka ce wa mai gyara ya dakata ka leƙa ɗaurin kafin ya mayar da tub.